Daga Kogin Kwara zuwa Bakin Teku: Ƙasar Benin da Garuruwanta



Shekaru aru-aru sunan Kwatano bai fita daga bakin mutanenmu ba. Shinkafar da ake dafawa a Maraɗi, da atamfar da ake kai wa amarya a Damagaram, da motar hannu da ɗan kasuwa ya sayo ya kai Tawa, mafi yawansu kafin 2023 ta tashar jiragen ruwan wannan birni suke shigowa, su ratsa ƙasar Benin tun daga kudu har arewa kafin su iso hannunmu. Amma in aka tambayi wanda ya yi wannan tafiya sau goma abin da ya gani a hanya, da wuya ya ambaci abin da ya wuce shingen duwan, da wurin cin abinci, da garejin motoci. Motocin fasinja kan ratsa rabin ƙasar cikin dare, matafiyi na barci. Ta haka muka mai da ƙasa guda, mai sarautu da tarihi da masallatai, kamar zauren da ake bi a wuce. Nufinmu a wannan rubutu shi ne mu bi hanyar nan da rana, ido buɗe, daga gadar Gaya har bakin teku, domin akwai rabonmu a cikin tarihin garuruwan da ke kanta, kuma ya kamata ƴaƴanmu su san shi.

Siffar ƙasa da yanayinta

Benin ƙasa ce doguwa, siririya. Daga kogin Kwara zuwa teku akwai wajen kilomita 700, amma gaɓar tekunta ba ta wuce kilomita 125 ba. Faɗin ƙasar baki ɗaya ya kai murabba'in kilomita 114,763, wato Nijar ta ninka ta sau goma sha ɗaya. Togo na yamma da ita, Nijeriya na gabas, Burkina Faso da Nijar na arewa. An raba ta jahohi 12. Ƙidayar 2013 ta sami mutum miliyan 10 da ƴan kai, kuma a cikinsu sama da kashi 27 cikin ɗari Musulmi ne, mafi yawansu a arewa da kuma yankin Yarabawa na kudu maso gabas. Ta sami ƴancin kai ranar 1 ga Agusta 1960 da sunan Dahome, aka sake mata suna Benin a 1975 a zamanin Mathieu Kérékou. Babban taron ƙasa da aka yi a Kwatano cikin Fabrairun 1990 shi ne ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa, kuma irinsa Nijar ta yi a 1991.

A arewa damina ɗaya ce kamar tamu, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, sannan hunturu da bazara. A kudu kuwa sau biyu ake ruwa: babbar damina daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, shi ya sa manomi kan girbe masara sau biyu a shekara. Wani abin da ke ba baƙo mamaki shi ne rashin ƙungurmin daji a kudancin Benin, irin wanda ake gani a Kamaru ko Kot Dibuwar. Dalili kuwa, gaɓar wannan yanki ta miƙe kusan daidai da hanyar da iskar damina ke bi, kuma ruwan teku kan yi sanyi a wajen watan Agusta, sai hadari ya ragu. Saboda haka filin ciyawa ya sauko har kusa da teku, mutum ya ga kuka tsaye ba nisa da kwakwar manja.

Arewa: hanyar fatake

Ƙofar shiga daga wajenmu ita ce Malanbil, wadda ke fuskantar Gaya a tsallaken kogi. Sunanta ya samo asali daga wani gwamnan Faransa na Dahome mai suna Malan, kuma gadar da ta haɗa garuruwan biyu an gina ta a 1958. Kasuwarta na cikin manyan kasuwannin hatsi na yankin: masara da doya da garin rogo na hawowa daga kudu, albasa da wake da dabbobi na sauka daga arewa. Dandanci da Zabarmanci da Hausa da Fillanci duk ana ciniki da su, har baƙo ba ya jin ya bar gida. A cikin kogin, sama da garin, akwai tsibirin Lete, wanda ƙasashen biyu suka daɗe suna jayayya a kansa, har kotun duniya ta yanke hukunci a 2005 ta ba Nijar, kowa ya karɓa ba tare da an zubar da jini ba.

Daga nan hanya ta miƙe kudu zuwa Kandi, tsakiyar ƙasar auduga. Wanda ya bi ta cikin hunturu zai ga tulin farar auduga a bakin ƙauyuka tana jiran manyan motoci. Auduga ce babbar hajar da Benin ke fitarwa waje, kuma tsakanin 2019 da 2022 abin da take nomawa a shekara ya haura tan 700,000, ta zama kan gaba a Afirka ta Yamma. Gaba da Kandi itatuwa na ƙara tsawo, kaɗanya da ɗorawa da gonakin yazawa, har a isa Paraku, babban birnin arewa. A nan layin dogon da ya taso daga Kwatano ya tsaya a 1936, bayan kilomita 438, bai ƙarasa Nijar ba kamar yadda aka yi niyya. Shekaru da yawa a Paraku ake sauke kayan Nijar daga jirgi a ɗora wa motoci, abin da ya sa iyalai da yawa daga cikinmu suka yi gida a can. A tashar garin ne matafiyi zai fara cin sakwara da wagashi, wato cukun Fulani mai laushi, wanda ake daskarar da shi da ruwan tumfafiya, a rina bayansa ja da karan dafi.

Garuruwa biyu na kusa da Paraku sun cancanci a ratse dominsu. Na farko Nikki, a gabas, fadar sarautar Bargu. Bargawa mahaya dawaki ne, kuma kamar wasu masarautun yankinmu suna danganta asalin sarakunansu ga Kisra. A watan Mauludi suke bikin Gani, inda sarakuna ke zuwa gaisuwa, ana busa kakaki, ana sukuwa da dawaki masu ado. Wanda ya taɓa ganin sallar Gani a Daura zai gane dangantakar nan take. A 1894 Ingila da Faransa suka yi tseren isa Nikki don ƙulla yarjejeniya da sarkinta, kuma a 1898 suka raba Bargu biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa ta faɗa hannun Ingila.

Na biyu Jugu, a yamma. Kafin zuwan Turawa, ayarin fataken goro kan taso daga Kano da Sakkwato da jakuna ɗaruruwa, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su haye Kwara, su ratsa Bargu, su yada zango a Jugu kafin su nufi Salaga a ƙasar Gwanja. Tafiyar zuwa da dawowa kan ci watanni masu yawa, wani lokaci shekara. Madugai da malamai da ke cikin ayarin wasunsu suka zauna, suka auri ƴan ƙasa, suka kafa unguwanni da makarantun allo tare da Wangarawa da Dandawa. Shi ya sa Jugu ta zama garin malamai, kuma har yau in mutum ya bi lungunanta da asuba zai ji ƙira'ar yara kamar yana Birnin Ƙonni. Hanyar kwalta ta yau daga arewa zuwa kudu take, amma tsohuwar hanyar kakanninmu daga gabas zuwa yamma ta ratsa wannan ƙasa.

Duwatsun Atakora

Arewa da Jugu ƙasa na tashi sama, a shiga jerin duwatsun Atakora, inda garin Natitingu yake a cikin kwari. Ba su da tsawo ainun, kololuwarsu ba ta kai mita 700 ba, amma akwai sanyi da ƙoramu, da wuraren da ruwa ke zubowa daga kan dutse kamar Kota da Tanugu. Abin kallo mafi girma a nan shi ne gidajen mutanen Betammaribe, waɗanda ake kira tata. Gida ne na laka mai hawa biyu, da ƙofa ɗaya ƙarama, an kewaye shi da hasumiyoyi zagayayyu. Dabbobi na kwana a ƙasa, iyali na kwana a sama, rumbunan hatsi masu jinka na kan soro. An yi shi haka ne domin in mahara suka zo, magidanci ya toshe ƙofa ya kāre iyalinsa da abincinsa daga sama. Hukumar UNESCO ta sa wannan yanki cikin kayan tarihin duniya a ɓangaren Togo a 2004, ta ƙara da ɓangaren Benin a 2023.

Can gaba akwai gandun dajin Panjari, wanda ke haɗe da Arli ta Burkina da gandun W da muke tarayya a cikinsa. A nan ne sauran zakuna da giwayen Afirka ta Yamma suka fi yawa, tare da ɓauna da gwanki da dorina. Sai dai wajibi ne mu faɗi gaskiya: tun daga 2019, lokacin da aka sace wasu baƙi biyu aka kashe jagoransu, tsaro ya taɓarɓare a wannan yanki, kuma a 2025 an kashe sojoji da dama a hare-haren da aka kai kusa da iyaka. Ba wurin da magidanci zai kai iyalinsa ba ne sai hukuma ta tabbatar da lafiyar hanya.

Abome, fadar Dahome

Daga Paraku zuwa kudu hanya na ratsa ƙasar tuddai, inda Dasa take a tsakanin duwatsunta, da Sabalu wadda ta yi suna wajen garin rogo. Daga Bohikon, tafiyar kilomita 9 ce zuwa Abome, babban birnin tsohuwar daular Dahome ta ƙabilar Fon. Sarakuna 12 ake lissafawa a jerin sarautarta, daga ƙarni na 17 zuwa 1900. Al'adarsu ita ce kowane sarki ya gina tasa fada kusa da ta mahaifinsa, har fadojin suka cinye fili mai kadada fiye da 40. A jikin bangayen jar ƙasa an yi zane-zane masu tudu, masu launi, kowane sarki da alamarsa: Agaja jirgin ruwa, domin shi ya ci Alada a 1724 da Wida a 1727 ya kai daular bakin teku; Gezo ɓauna; Gilele zaki; Behanzin babban kifin teku mai cin mutum. Ga Gezo kuma ake danganta misalin tulu mai huji da yawa, wanda ba zai riƙe ruwa ba sai kowane ɗan ƙasa ya sa yatsa ya toshe huji ɗaya.

Daular ta shahara da rundunar mayaƙa mata, waɗanda suka gwabza da sojan Faransa a yaƙin 1892. A wannan shekara Janar Dodds ya shiga Abome, ya kwashi gadajen sarauta da ƙofofi da gumaka ya kai Faransa. Behanzin ya miƙa wuya a 1894, aka kai shi tsibirin Martinik, ya rasu a Aljeriya a 1906. A Nuwamban 2021 Faransa ta maido da 26 daga cikin kayan, kuma da aka baje su a fadar shugaban ƙasa a Kwatano a 2022, jama'a suka yi ta dogon layi don su gani. Fadojin Abome na cikin kayan tarihin duniya tun 1985.

Duk da wannan ƙasaita, mai ziyara bai kamata ya mance da abin da ya ɗauki nauyinta ba. Dahome ta yi ƙarfi da yaƙin kama mutane da sayar da su ga Turawa a kan bindiga da albarushi da tufafi da barasa. Abin da za mu gani a bakin teku, daga nan ya taso.

Kwatano da ƙauyen kan ruwa

Ta Alada, garin abarba mai zaƙi, ake gangarawa Kwatano. Gaɓar Benin yashi ce miƙaƙƙiya, ba ta da lungun da jirgi zai fake. Igiyar ruwa na tura yashi daga yamma zuwa gabas, ya taru ya zama dogon tudu da ke tare bakin koguna, sai ruwansu ya kwanta a bayansa ya zama tafkuna, kamar Nokuwe da Aheme. Kogin Weme, mafi tsawo a ƙasar, a tafkin Nokuwe yake zuba. A 1885 Faransawa suka haƙa mashiga daga tafkin zuwa teku, ita ce ta raba birnin biyu a yau. Tashar jiragen ruwa ta zamani an buɗe ta a 1965, kuma ginin da ya kāre ta daga igiya ya tare yashin da ke tafiya gabas, shi ya sa teku ta yi ta cin unguwannin gabashin birnin har sai da aka jera manyan duwatsu a bakin ruwa.

Kwatano ba ita ce babban birnin ƙasa a dokance ba, amma a nan fadar shugaban ƙasa da ma'aikatu da filin jirgin sama suke. Abin da baƙo zai fara gani shi ne dubban ƴan kabu-kabu masu rigar rawaya, waɗanda ake kira zemijan, wato "ɗauke ni da sauri" a harshen Fon. A bakin mashigar ruwa aka kafa kasuwar Dantokpa, wadda ta yi shekaru ana lissafa ta cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, kuma gwamnati ta gina sababbin kasuwanni da nufin rarraba ƴan kasuwarta. Kusa da bakin teku, a 2022, an kafa mutum-mutumin mayaƙiya mace mai tsawon mita 30. Bahaushe kuwa masaukinsa unguwar Zongo, inda babban masallaci yake, da mahauta da masu tsire da ƴan canji da dillalan motoci, kuma Hausa ce harshen titi.

Daga Abome-Kalabi, arewa da birnin, ake shiga kwale-kwale zuwa Ganbiye, tafiyar wajen kilomita 8 a kan tafkin Nokuwe. Gari ne na mutum dubbai, an kafa shi dungum a kan ruwa. Gidajen na tsaye bisa turaku, kasuwa a cikin jirage ake cinta, yara na tuƙa kansu zuwa makaranta, masallaci ma da jirgi ake zuwansa. Kakannin mutanen, ƙabilar Tofinu, gudun mahara Dahome ne ya shigar da su tafkin, domin an ce al'adar maharan ta hana su bin mutum cikin ruwa. Sana'arsu su, kuma suna da wata dabara da suke kira akaja: sukan kafa rassan itace da yawa a wuri marar zurfi, ganyen ya ruɓe ya zama abincin kifi, kifi ya taru ya hayayyafa a ciki, bayan watanni a kewaye wurin da taru a kwashe. Gona ce sosai, sai dai a cikin ruwa take.

Wida da Porto-Nobo: tafiya da dawowa

Kilomita 40 yamma da Kwatano, garin Wida yake. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa wajen mutum miliyan ɗaya aka fitar ta wannan gari zuwa ƙasashen Amurka tsakanin ƙarni na 17 da na 19. Gidan yaƙin da Fotugal ta gina a 1721 na nan, kuma bai fita daga hannunta ba sai a 1961. Daga dandalin Shasha, gaban gidan Francisco Félix de Souza, ɗan Barazil ɗin da ya zama babban dillalin Sarki Gezo, hanya ta tashi zuwa teku, tafiyar wajen kilomita 4. Ana nuna wa baƙo wurin da itacen mantuwa yake, wanda aka ce ana sa kamammu su zagaya shi don su mance da garinsu, da wurin ɗakin duhu inda ake tsare su har jirgi ya iso, da ramin da ake zuba waɗanda suka mutu kafin tafiya. A ƙarshen hanya, bisa yashi, akwai babbar ƙofa da aka gina a 1995, ana kiranta Ƙofar Ba Dawowa. Bayanta babu komai sai ruwa. Jirgin ƙarshe da aka sani ya kai bayi ƙasar Amurka, mai suna Clotilda, daga nan ya ɗauki mutanensa a 1860.

Wannan labari ya shafe mu kai tsaye. Yaƙe-yaƙen da suka auku a ƙasar Hausa da maƙwabtanta tun daga 1804 sun jefa mutane da yawa cikin bauta, aka yi ta sayar da su hannu zuwa hannu ta ƙasar Oyo har bakin wannan gaɓa, aka haye da su zuwa Bahiya a Barazil. A can Hausawa ne suka shirya tawayen 1807, suka jagoranci na 1809 da na 1814. A Janairun 1835, cikin kwanakin ƙarshe na Ramadan, Musulmin birnin Salbado, mafi yawansu Yarabawa tare da Hausawa, suka yi babban tawayen da ake kira na Male. Da aka murƙushe su, ƴan sanda suka tarar da alluna da layu da takardu masu rubutun Larabci a ɗakunansu. Mutanen da aka zagaya da su itacen mantuwa ba su mance da karatun da suka yi a zauren malam ba.

Bayan tawayen, hukuma ta kori ƴantattun bayi da dama, wasu kuma suka biya kuɗin jirgi da kansu, suka sauka a Wida da Aguwe da Legas da Porto-Nobo. Zuriyarsu ake kira Aguda, masu sunaye irin su da Silva da Paraiso da d'Almeida, cikinsu akwai Kirista akwai Musulmi. Sun dawo da sana'ar gini da kafinta, kuma mafi kyawun abin da suka bari shi ne babban masallacin Porto-Nobo, wanda aka soma gininsa wajen 1912. Wanda ya hango shi daga nesa zai ɗauka coci ne, domin maginan sun kwaikwayi gine-ginen da suka saba gani a Bahiya: fuska mai hawa-hawa, da tagogi masu baka, da ado na furanni, da fenti kala-kala. Amma alƙiblarsa gabas take, kuma jikokin waɗanda aka fitar ta teku ne suka gina shi. A ganinmu duk wanda ya tsaya a Ƙofar Ba Dawowa, ya kamata ya ƙarasa Porto-Nobo ya ga wannan masallaci, domin rabin labarin ne a Wida, sauran rabin yana nan.

Porto-Nobo, kilomita 30 gabas da Kwatano, ita ce babban birnin ƙasa, kuma a nan majalisar dokoki ke zama. Yarabawa na kiranta Ajashe, mutanen Gun na kiranta Hogbonu. Gari ne mai natsuwa, da tsoffin benaye masu launin ƙasa. Ana ziyartar fadar Sarki Tofa, wanda ya yi ƙawance da Faransa don tsoron Dahome, da kuma cibiyar noma ta Songhaï da aka kafa a tsakiyar shekarun 1980, inda ake koya wa matasa haɗa noma da kiwo da kiwon kifi, kashin wannan ya zama takin wancan, ba a zubar da komai. Manomanmu da ke da hali za su ƙaru da ganinta.

Mai neman hutu kawai sai ya nufi Gran-Popo, kusa da iyakar Togo, inda kogin Mono ke haɗuwa da teku a tsakanin itatuwan kwakwa, masunta na jan taru da waƙa tun da safe.

Shawara ga iyali

Lokacin da ya fi dacewa da tafiya shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ruwa ya ɗauke. Kuɗinmu ɗaya ne, sefa, kuma Faransanci na biyan bukata ko'ina, Hausa da Dandanci na biya a arewa da zango-zango. A kudu ana sayar da naman alade da barasar kwakwa a fili, saboda haka a tambaya kafin a ci, ko a nemi masu abinci na zango. Kifi kuwa ga shi nan a wadace. Kudancin ƙasar cibiya ce ta addinin gargajiya da ake kira Vodun, wanda ake yi wa biki a Wida kowane Janairu, kuma a garin akwai ɗakin da ake ajiye ƙananan mesa ana girmama su. Baƙo ba ya bukatar shiga abin da bai yarda da shi ba, amma ya kame bakinsa daga izgili, kada kuma ya ɗauki hoton mutum ko wurin ibada sai da izini. Babban gargaɗinmu shi ne teku: igiyar wannan gaɓa na da ƙarfin ja, tana cin ƙwararrun masu iyo, balle ɗan tudu da bai saba ba. A riƙe hannun yara, a tsaya inda ruwa bai wuce idon sawu ba. Sauro kuma na da yawa a bakin tafkuna, kada a bar gidan sauro a baya.

Sai batun iyaka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai an rufe gadar Gaya, ɗaruruwan motoci suka yi cirko-cirko a Malanbil, kaya suka lalace, farashi ya tashi a kasuwanninmu, ƴan dako da direbobi a ɓangarorin biyu suka rasa abin yi. Benin ta buɗe nata ɓangaren a 2024, Nijar ta bar nata a rufe, fasinjoji suka koma hayewa da kwale-kwale kamar zamanin fatake. A wannan shekara kuma ɗanyen man Agadem ya fara fita ta bututun da ya yi tafiyar kusan kilomita 2,000 zuwa Seme, gabas da Kwatano. Mai niyyar tafiya ya binciki halin da iyaka ke ciki kafin ya ɗaura kaya, ya tafi da cikakkun takardunsa da na yara.

Saɓanin hukumomi kan zo ya wuce, amma kogin nan ɗaya muke sha da mutanen Malanbil, akwai kaburburan kakanninmu a Jugu, akwai danginmu a Paraku da Zongon Kwatano. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Duk magidancin da Allah Ya hore wa zuwa, ya ware kwana biyu daga harkar kasuwa, ya ɗauki ɗaya daga cikin ƴaƴansa, ya nuna masa Jugu da Abome da Wida da masallacin Porto-Nobo, ya gaya masa su wane ne suka bi ta nan. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya kai matafiya gida cikin aminci.